Ta Ƙofa Ake Shiga Soron Jatau

Jiya ina kwance a gindin darbejiyar bakin ruwa, hula a fuska, kuna zaton barci nake, na ji duk abin da kuka ce. Wai Ila ya fi kowa dace a garin nan, yawo yake yi ana biyan sa. Wani a cikinku har cewa ya yi da zai sami shadda ɗaya mai kyau da waya mai ɗaukar hoto, gobe-goben nan zai fara jan baƙi. Ban yi fushi ba, don ni ma haka na zata lokacin da nake kamar ku. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tun da kuna sha'awar sana'ar, ku matso in faɗa muku abin da ke cikinta.

A baki aikin gajere ne. Mota ta ɗauko baƙi daga Kano da sassafe, ta sauke su nan bakin dam ta wajen Bagwai. In zuba su a kwale-kwale mu haye tsallake, in zaga da su lambuna, in ɗora su a amalanken shanu mu ratsa gonaki zuwa Kafin Jatau su ga tsohon soro, sannan in dawo da su bakin ruwa kafin rana ta yi ƙasa. Ɗanladi mai jirgi ba ya ƙetare ruwan nan in rana ta sunkuya, ko wane ne a ciki. Shi ke nan, na gama faɗa muku a numfashi ɗaya. Ni shekara uku na yi ina koyon sa.

A wajen Baba Modu na koya. Babarbare ne, kakansa ya zo fatauci daga gabas ya ga wuri ya zauna. Ina da aure har da 'ya ɗaya lokacin da na bar sayar da rake na fara bin sa. Ranar farko na zo da shirin a koya mini tarihi, sai ya zazzage mini jaka a ƙasa: tabarma biyu, buta, lema uku, usur, tsumma, man zafi, da ƙullin goro a cikin jiƙaƙƙen algarara. Ya ce in nuna masa babba a cikin kayan aikin. Na ɗauki usur.

"Kai dai Bakano ne," in ji shi. "Komai sai mai ƙara."

Ya ɗauki ƙullin goron ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce usur baƙo yake kira, goro kuwa masu gari yake kira, kuma baƙo na yini ɗaya ne, masu gari na kullum. Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban gane ba sai bayan shekara tara.

Shekarar farko bai bar ni na buɗe baki a gaban baƙi ba. Aikina in ƙirga kawuna: a shiga jirgi, a fita jirgi, a bakin lambu, a kan amalanke. Na raina aikin har ranar da muka kawo ɗaliban jami'a ashirin da biyu. Mun zo shiga jirgi da yamma na ƙirga na sami ashirin da ɗaya. Na sake, ashirin da ɗaya. Na koma a guje, ina hura usur kamar mahaukaci, na tarar da mutumin a lambun Malam Haruna, ya cika cikinsa da gwaba ya jingina da bishiya yana minshari. Tun ranar, ko iyalina zan kai biki sai na ƙirga su a bakin mota.

Na tuna wasu ma'aikatan banki mata da suka zo da takalma masu tsini. Tun a jirgi na ce su cire, suka ce a'a, hoto za su yi. Da muka shiga lambun albasa, an yi ban-ruwa da safe, ta gaba ta taka gefen fangali, tsinin ya nutse har ƙarshe, ta fito da ƙafa takalmi ya zauna. Ta biyu ta zo taimako, nata ma ya zauna. Malam Haruna ya kashe injin ban-ruwa ya tsaya yana kallo, ya ce mini a hankali, "Ila, ka bar su, bana mu ga ko takalmi yana tsiro." Daga ranar nake ajiye silifas ƙafa shida a jaka. A lambu kan kunya ake bi, ba a taka fangali. Ana gaya wa mai lambu tun ana gobe. Baƙo ya tsinki tumatir ɗaya kyauta ce, mai lambu ma daɗi zai ji, amma mutum goma sha biyar kowa ya tsinki biyar ɓarna ce, kuma da kai za a kuka, don su da yamma sun tafi.

Baƙi kuwa ba irin wanda ban gani ba. Wani Alhaji ya kawo 'ya'yansa da aka haifa a waje, 'yar ƙaramar ta tambaye ni wace bishiya ce take 'ya'yan albasa. Uban ya rasa inda zai sa fuskarsa. Malam Haruna bai yi dariya ba, ya kama hannunta ya sa ta tumɓuko guda da kanta, ta rungume ta da ƙasarta da komai har cikin mota. Wani Bature kuma ya tsaya gindin kukar da ke hanyar Kafin Jatau da littafi a hannu, wai shekararta nawa. Baba Modu ya ce masa bai sani ba, ta dai girmi kakan kowa a nan. Bayan sun tafi na ce, "Baba, da ka ce ɗari biyar mana, wa zai ƙaryata ka?" Ya ce, "Ni." Dokarsa ke nan, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, abin da ka sani kuwa ka faɗe shi ko da bai yi maka daɗi ba.

Amalanken na Bello ne, Bafulatani, kun san kuwa abin da ke tsakaninsu da Barebari. Daga bakin lambu har Kafin Jatau tsiya suke yi wa juna. Baba Modu ya ce shanun sun fi mai su hankali, Bello ya ce ai shi ya sa suke ƙin tafiya in an ɗora musu Babarbare. Baƙi suna dariya, gonaki suna wucewa, ga rumbuna, ga mata suna sussuka, ba wanda yake jin jijjigar hanya. Wannan ma aiki ne, sai daga baya na lura Baba Modu yana tayar da tsiyar ne daidai inda hanya ta fi muni.

Sai soro. Shi ne abin da kowa yake zuwa gani, shi ne a hotunan da otal ɗin Kano mai aiko mana da baƙi yake nuna musu. Bene ne na ƙasa, Jatau ya gina shi tun zamanin da ake kawo hari, kaurin bangonsa ya isa mutum ya kwanta a kai. Rufin azara ne, ga zankwaye a kusurwoyi, ga 'yan tagogi ƙanana da ake leƙen mahara ta ciki. In ka hau sama kana hango dam da lambuna gaba ɗaya. Yana tsakiyar wani babban gida da aka kewaye da katanga, makullin kuwa yana hannun Iya Gambo, tsohuwa daga zuriyar Jatau, ita ce babba a gidan.

Iya tana da al'adarta. Ba mai ganin soro sai ya zauna a zaurenta. A shimfiɗa tabarma, ta fito ta gaisa da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyaye da 'ya'ya da mutanen garinsu, ko da Hausa ba ta haɗa su ba. Sannan a kawo ƙwaryar farau-farau, ruwan gero mai sanyi da ita da kanta take dakawa, kowa ya kurɓa da ludayi. Sai an gama ta kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙa. Abin yana cin rabin awa, wani lokaci ya fi. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, goro kawai.

To, ciwon gwiwa ya zaunar da Baba Modu, ya koma Minjibir wajen ɗansa, sana'a ta dawo hannuna. Shekara shida ina yi lafiya lau, har na fara jin kaina. Sai wata Asabar a farkon rani aka aiko mini ma'aikatan wani kamfani su goma sha shida, sun zo taro Kano, jirgin sama zai mai da su gida da yamma. Tayar motarsu ta fashe a hanya, suka iso da jinkirin awa biyu. Manajansu, wani mai tabarau, tun daga cikin kwale-kwale yake ƙwanƙwasa mini agogo da yatsa. Na gajarce lambu, na sa Bello ya matsa wa shanu, duk da haka da muka hango Kafin Jatau na lissafa na ga in muka zauna a zauren Iya, jirgin saman ya tafi ya bar su.

Na san wani giɓi a bayan gidan, inda damina ta ci katanga. Na ce wa Bello ya zaga ta can. Ya dube ni ya ce, "Ila, ta baya?" Na ce yau kaɗai. Na tsallaka da mutum goma sha shida ta giɓin nan, suka yi hotuna a jikin soro, suka leƙa ta tagogi, muka fito ta inda muka shiga. Na ba wata maƙwabciya goro na ce ta kai wa Iya, ta ce mata sauri muke. Suka sami jirginsu, Manaja ya girgiza mini hannu ya ce bai taɓa ganin ƙwararre irina ba. Na kwana ina jin daɗin kalmar.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne na aika wa Iya tun Juma'a cewa baƙi suna tafe. Ta jiƙa gero, ta daka, ta share zaure, ta ɗaura zanenta na fita kunya, ta zauna tun hantsi. Har la'asar tana zaune da ƙwarya a rufe da faifai. Da ta gaji ta shiga cikin gida, sai ta ga sawun takalma iri-iri a tsakar gidanta, har da kwalbar ruwa da wani ya yar.

Asabar ta zagayo na zo da wasu baƙin, ta ƙofa, da goro mai kyau. Ta fito, ta gaisa da kowa, ta ba su ruwa, ban da ni. Na ce, "Iya, makulli." Ta ce, "Soro yana hutawa." Na matsa kusa na durƙusa ina ba da haƙuri. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ila, ta giɓin katanga akuya ce take shiga, sai ɓarawo. Ban san wanne zan kira ka ba, shi ya sa ban kira ka komai ba."

Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, ga baƙi suna tambaya me ta ce.

Ita ce muguwar shekarata, kuma da hannuna na haɗa ta. Kafin Jatau duk dangi ne. Malam Haruna ɗan ƙanwar Iya ne, sai ya zama duk ranar da zan kawo baƙi ranar yake feshi. Bello ya ce ɗaya daga cikin shanunsa yana ɗingishi, ni kuwa ina hango shi yana jan taki da shi. Ba wanda ya zage ni, kowa yana amsa gaisuwata da fara'a, ƙofofi ne kawai suka rufe. Baƙi biyu uku suka koma suka ce ba su ga soron da ke hoto ba, otal ya daina aikowa. Mai kula da baƙinsu ya ce mini in rani mai zuwa ya zo ba a buɗe soron ba, za su karkata wani wuri, kuma in sun karkata ba sa dawowa. Na koma rake. Da damina na yi ƙodago a gonakin mutanen da da nake wucewa a kan amalanke ina ɗaga musu hannu. Na kai wa Iya goro, ta raba wa maƙwabta. Na kai atamfa, ta dawo da ita a ninke. Na sa liman ya yi magana, ta ce ai ita ba ta riƙe kowa ba, soro ne yake hutawa.

Bayan kaka na hau mota na tafi Minjibir. Na tarar da Baba Modu a ƙofar gida ya miƙe ƙafa, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

"Ƙwararre," in ji shi. "Sauri ya haifi nawa, ka ga ɗan da ya haifa maka. Yanzu giɓin yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"To, atamfa ka ɓata mata? Je ka toshe inda ka shiga."

Na nemi izini wajen mai gari, na sami Malam Tanko magini ya yarda ya nuna mini. Ku da kuke ganin ginin ƙasa kamar wasan yara, ku je ku gwada. Na haƙo jar ƙasa, na yi ta jigilar ruwa a jarka daga rijiya, na cuɗa da ƙafa da busasshiyar ciyawa, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake cuɗawa. Na mulmula tubali sun fi ɗari huɗu, na shanya, awaki suka tattake wasu na sake. Malam Tanko yana sama yana jerawa, ina ƙasa ina cilla masa. Ba a ɗora sahu sai na ƙasa ya sha iska, don haka aikin da na zata na mako ɗaya ne ya ci mini wata guda da 'yan kwanaki. Duk tsawon lokacin Iya tana wucewa ta ce, "Sannunku da aiki," ba ta ƙara komai. Ranar da muka gama yaɓe, ina wanke ƙafa, aka aiko mini da ƙwarya a rufe da faifai. Na shanye tas. Makulli dai ba a ambace shi ba.

Na je na roƙi otal su gwada ni sau ɗaya. Suka ba ni ma'aikatan jinya mata goma sha biyu, shugabarsu Hajiya Rabi, wadda ta gaya mini tun a bakin ruwa cewa huɗu a cikinsu suna da aikin dare, dole su koma da wuri. San Bello ya warke, Malam Haruna ya gama feshi. Amma matan nan da suka ga tumatir da araha sai ciniki ya tashi, kwando-kwando, na yi ta hura usur a banza. Muka iso Kafin Jatau a makare, daidai irin makarar waccan ranar.

A bakin zaure na kwance agogona na jefa a aljihu. Muka zauna. Iya ta fito a hankali, ta fara da ta farko: ina iyayenki, ina maigida, yara nawa, wace unguwa. Ta koma kan ta biyu. Hajiya Rabi ta matso ta raɗa mini, "Malam Ila, lokaci fa." Wayata tana ta ƙara a aljihu, na san Ɗanladi ne. Na san in matan nan suka makara aiki, otal ya gama da ni. Na san kuma in na buɗe baki na ce a yi sauri, Iya ta gama da ni. Na kafa ido a tabarma na bar ta ta ci gaba.

Tana kan ta huɗu sai ta tsaya. Ta leƙa ƙofar zaure, inda wani dutse yake a kafe a ƙasa.

"Inuwa ta taɓa dutse," in ji ta. "Ɗanladi ba zai jira ku ba. Ku tashi, 'ya'yana, ku sha a tsaye."

Ludayi ya zaga cikin minti biyu. Ta kwance makullin daga bakin zane, ta kama hannuna ta sa mini.

"Tun kafin a haife ka nake kallon inuwar nan, na fi agogonka sanin lokacin jirgi. Ran nan ma da ka zo ta ƙofa ka ce mini kuna sauri, da haka za ku sha ku wuce. Modu ya sha yi."

Shekara guda na yi ina sayar da rake saboda maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Matan suka hau soro, suka yi hotunansu, muka sami Ɗanladi yana kwance igiya yana masifa, na ƙirga goma sha biyu da kwanduna tara.

Iya ta rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Makullin yana hannun 'yarta, ƙwaryar ma tana nan. In kun bi ni wata rana za ku ga wani gefe na katangar baya da ya fi sauran ja, ya ɗan karkace kuma. Ban san dalili ba, baƙi suna son wurin, kusan kowane zuwa sai wani ya dafa shi ya tambaye ni shekararsa ɗari nawa. Da zan ce ɗari uku ba mai ƙaryata ni. Amma Baba Modu ya riga ya hana ni, sai in ce musu wannan gefen ni na gina. Su ce saboda me. Dole in tsaya a wurin, a gaban mutanen da suka biya don su ga ƙwararre, in ba su labarin daga farko.